Babi na Shida: Jakar Tafiya da Yara a Bazara da Damina

Gangara tana kudu maso yammacin Tanut, Balbeji kuma tana yamma da Gangara. Daga Tanut zuwa Damagaram kimanin kilomita 150 ne a kan kwaltar da ta miƙe har Agadas. Sai dai yawancin tafiyar da ake yi da yara a wannan yanki na Damargu ba ta kan kwalta ba ce. Tafiyar amalanke ce zuwa gonar nesa, ko ta babur zuwa cin kasuwa, ko ta motar kasuwa zuwa biki da suna, ko rakiyar dabbobi zuwa rijiya, ko kai jikoki wurin kakanni idan an rufe lakwal don dogon hutu. Hanya yashi ce, inuwa kaɗan ce, garuruwa kuma sun yi wa juna nisa.

Ma'aikatar lafiya ta Nijar tana ɗaukar mutum a matsayin wanda ke kusa da likita idan bai fi kilomita 5 daga wurinta ba, kuma kusan rabin 'yan ƙasa suna zaune ne nesa da haka. Wanda ya bar garinsu ya shiga daji da yara ya ƙara wa nisan nan wani nisa. Jaki a cikin yashi bai fi mai tafiya da ƙafa sauri da yawa ba, saboda haka kilomita 20 a amalanke tafiyar awa huɗu ce ko fiye. Abin da zai faru da yaro a cikin awa huɗun nan shi ne maganar wannan babi. Jakar agaji ba ta warkar da sarar maciji, ba ta warkar da zazzaɓi. Aikinta ta riƙe yaro har a isa hannun likita, ta kuma hana ƙaramin abu zama babba.

Lissafi kafin tashi

Ayarin Buzayen Ayar da suka daɗe suna saukowa Damargu sayen gero, su kai Bilma su musanya da gishiri da dabino, madugunsu ba ya tashi sai ya san kwana nawa ne tsakanin rijiya da rijiya, sa'annan ya cika salkunansa daidai da haka. Uba ko uwar da za su fita da yara irin wannan lissafi ya kamace su, kuma tambayoyi uku ne. Ina ruwa a kan hanya? Wane gidan likita ne ya fi kusa da inda za a sauka, ƙaramin gidan likita na ƙauye ne ko cibiyar lafiya ta CSI, kuma awa nawa ne zuwa can? Wa ke da babur ko mota a wurin, kuma akwai lambarsa a waya?

Amsar da aka saba ji ita ce "ai nan kusa ne", ko "yini ɗaya ne kawai, gobe muna gida". Da wannan magana ake barin ruwa a gida, ake barin takalmin yaro, ake tashi da waya ba caji. Taya kan fashe, jaki kan gaji, mota kan kafe a yashi tun hantsi har la'asar. Mai ƙwarmin ido da wuri yake fara kuka: a yi shirin kwana ko da yini aka yi niyya.

Akwai abu biyu da ba su da nauyi amma ana yawan mantawa da su. Na farko katin lafiyar yaro, wanda ke nuna rigakafin da aka yi masa da nauyinsa. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta sa duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati, kuma katin yana sauƙaƙa aiki a garin da ba a san yaron ba. Na biyu 'yan kuɗi a ƙulle daban, waɗanda ba za a taɓa ba don cefane, saboda magani kan yanke a likita a ce a sayo, kuma mai babur sai an zuba masa mai. Idan kasuwa za a ci, a rubuta sunan yaro da lambar wayar babba a takarda a sa masa a aljihu.

Ruwa da rana

Daga Maris zuwa saukar damina zafi a wannan yanki yakan haura digiri 40 sau da yawa. A watan Afrilun 2024 ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitocin Bamako suka cika da waɗanda zafi ya kayar. Jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, kuma yaro ba ya cewa yana jin ƙishirwa sai abin ya yi nisa, balle idan wasa ya yi daɗi. Don haka ba a jiran ya roƙa. A riƙa miƙa masa ruwa a kai a kai. Fitsari shi ne ma'auni. Yaron da ya daɗe bai yi fitsari ba, ko ya yi kaɗan mai duhu, ruwa ya yi masa ƙaranci.

A ɗauki ruwa ninkin abin da ake zato, a raba shi cikin jarka biyu don kada ɗaya ta fashe a rasa duka. Dabarar naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhu tana sanyaya ruwa, kuma ba ta cin ko dala. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari ba ta sake zama ta ruwan sha, komai wankin da aka yi mata.

Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kaɗai ya ishe shi, har a tsakiyar bazara. A yawaita ba shi mama, uwar kuma ita ce za ta yawaita shan ruwa. Ruwan hanya da ake ɗura wa jariri don tausayi shi ne sau da yawa mafarin zawo.

Idan ruwan gida ya ƙare aka koma ga na tafki ko na rijiyar da ba a sani ba, a tace shi da ƙyalle mai tsabta tukuna. Tacewa tana cikin abubuwan da suka kawar da kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi. Amma ƙyalle ba ya tare ƙwayoyin cutar zawo. Bayan tacewa sai a tafasa, ko a jefa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs, a jira minti 30 kafin a sha. Ƙwayoyin nan girma-girma ne, akwai ta jarkar lita 20, akwai ta ƙasa da haka, sai a duba abin da aka rubuta a jikin takardar.

Lokacin tafiya ma kariya ne. A tashi da asuba, a nemi inuwa idan rana ta take, a ci gaba bayan la'asar. A sa wa yaro malafa ko a rufe masa kai, a yi wa amalanke rumfa da zani. Kada a bar yaro cikin mota a rufe ko da na ɗan lokaci ne.

Yaron da zafi ya buga yakan fara da ciwon kai, jiri da kasala. Idan jikinsa ya yi zafi rau, ya rikice, yana sambatu ko ya suma, rai ake magana. A kai shi inuwa, a tuɓe masa riga, a kwarara masa ruwa a jiki duka, a yi ta fifita, a kama hanyar likita ana ci gaba da jiƙa shi. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. Wanda ya suma kuma ba a ɗura masa ruwa a baki, don yana iya wucewa huhu.

Abin da ke shiga jaka

Ƙaramar jaka mai zif, ko gwangwani mai murfi, ta isa. A ciki a sami:

– ƙullin gishirin zawo na likita, wato SRO, kamar guda huɗu, da ƙwayoyin zinki;
– farasitamol na yara, da cokalinsa na awo;
– ma'aunin zafin jiki;
– sabulu, da maganin wanke rauni irin Bétadine;
– bandeji, filasta, da ƙyallen likita mai tsabta na rufe rauni;
– almakashi da matsefata;
– ƙwayoyin tsabtace ruwa, da gora mai cin lita ɗaya daidai;
– tocila da batir na ajiya;
– zani mai tsabta, wanda zai iya zama ɗauri, ko inuwa, ko abin ɗaukar yaro;
– maganin da yaro yake sha dama, kamar na asma, na farfaɗiya ko na amosanin jini.

A sayi magani a kantin magani na hukuma ko a likita. Na 'yan talla da ya wuni a kan faranti cikin rana ba a san asalinsa ba, ba a san ranar lalacewarsa ba. Zafi yana ɓata magani, don haka jakar ta zauna a inuwa cikin kaya, inda hannun yara ba ya kaiwa. Farasitamol da nauyin yaro ake auna shi: miligiram 15 ga kowane kilo, bayan kowace awa 6, kada a wuce sau huɗu a kwana ɗaya. Yaro mai kilo 10 ke nan miligiram 150. Hanya mafi sauƙi ita ce a roƙi ma'aikacin lafiya ya rubuta awon kowane yaro a jikin kwalin tun kafin tafiya. Asfirin ba na yara ba ne. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da na zazzaɓin sauro kuma ba a ba da su da ka, sai an gwada.

Guzurin ci ya zama wanda rana ba ta ɓatawa: dabino, ƙuli-ƙuli, gari, biskit, busasshen burodi. Dafaffen abinci mai miya da ya wuni a rufe cikin zafi bai dace da cikin yaro ba. Gyaɗa da aya kuma kan shaƙe ƙananan yara, musamman a kan abin hawa mai girgiza.

Zawo a kan hanya

Abin da ke kashe yaro mai zawo ƙarewar ruwan jiki ne, kuma maganinsa yana cikin ƙullin da bai fi tafin hannu ba. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan ƙari na jijiya ya ƙare. Wani likitan yara mai suna Dilip Mahalanabis ya sa dangin marasa lafiya su riƙa ba su ruwan gishiri da sukari ta baki, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Daga nan wannan haɗi ya bazu a duniya, kuma tun 2004 ake haɗa shi da zinki.

Ƙulli ɗaya ake zubawa cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Bayan kowane zawo a ba ɗan ƙasa da shekara 2 rubu'in kofi zuwa rabi, wanda ya fi haka rabin kofi zuwa cikakke, da cokali ko kurɓi-kurɓi. Idan ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Zinki ƙwaya ɗaya ce ta miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin ƙwaya ga jaririn da bai kai wata 6 ba. Ba a yanke nono, ba a hana abinci. Idan SRO ya ƙare, ƙaramin cokali shida na sukari, shafaffu ba tuli ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya za su riƙe yaro zuwa likita. Idanu sun faɗa, maɗiga ta loɓa, an tsunkuli fatar ciki ta ƙi komawa da sauri, ko an ga jini a bayan gida: waɗannan ba na jinyar hanya ba ne.

Kunama da maciji

Kunama ta fi yawo a daren bazara, daidai lokacin da kowa ke shimfiɗa tabarma a waje. Babba yakan sha zafin harbinta ya warke, amma wasu kunamun arewacin Nijar dafinsu yana iya kashe ƙaramin yaro cikin 'yan awoyi. A kakkaɓe takalmi da tabarma da mayafi, a haska tocila kafin a shimfiɗa, a hana yara cusa hannu ƙarƙashin dutse, cikin rami ko tarin itace. Idan ta yi harbi a wanke wurin, a ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle mai sanyi, a ba da farasitamol, a tafi likita da ƙaramin yaro ba tare da jiran wata alama ba. Gumi mai yawa, dalalar miyau, amai, karkarwa ko wahalar numfashi suna nuna dafi ya shiga jiki.

Maciji ya fi fitowa da saukar damina, lokacin shuka da noma. Kububuwa ƙarama ce, amma dafinta yana hana jini daskarewa. Yaro na iya zama kamar lafiya lau a ranar farko, sa'annan jini ya fara fita ta dasashi, ta fitsari, ta bakin saran. "Ai ga shi nan yana wasa" ba hujjar zama a gida ba ce. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarar maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma shawararta a fili take. Kada a ɗaure ƙafa tamau da igiya ko roba, don ɗaurin kan kashe gaɓa har a kai ga yankewa. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a dogara da baƙin dutse. A cire zobe da munduwa da duk abin da zai matse idan wurin ya kumbura, a ɗora gaɓar a kan sanda a naɗe ta sakwa-sakwa don kada ta motsa, a ɗauki yaron, kada a bar shi ya taka. Ba a ɓata lokaci wajen farautar macijin. Allurar kashe dafi ce kaɗai magani, kuma ba kowane gidan likita ke da ita ba, shi ya sa tambayar inda take tana cikin lissafin kafin tashi. Idan kumurci ya yi tofi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. Addu'a da tofin malam ba sa buƙatar a tsaya. A yi su ana tafiya.

Ƙaya, ƙuna da kwalbar fetur

Ƙarangiya, tsidau da ƙayar aduwa su ne abin da yaro zai fi gamuwa da shi, kuma takalmi ya fi matsefata amfani. Kowane rauni a wanke shi da ruwa da sabulu, a shafa maganin rauni, a rufe. Ƙasa, toka, kashin dabba ko baƙin mai ba sa tsayar da cuta, hanya suke buɗe wa tetanos. Jini mai zuba a danne shi da ƙyalle mai tsabta, a yi ta dannawa ba ɗagawa. Haɓo, wanda ya yawaita a bazara, yaro ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, a matse masa hanci minti 10.

Ƙuna takan zo daga garwashin shayi, tukunyar da aka ɗora a ƙasa, ko salansar babur. A zuba ruwa mai sanyi a wurin har minti 20 idan ruwa ya samu, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ba a shafa mai, ƙwai ko man goge baki, ba a fasa bororo. Cizon kare a wanke shi da ruwa da sabulu minti 15, sa'annan a nufi likita don allurar haukan kare, ko da raunin ƙarami ne.

Fetur da kananzir da ake zubawa a gorar ruwa ko kwalbar lemo tarko ne ga yaro mai ƙishirwa. Idan ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara ko mai, domin abin da ya dawo yakan faɗa huhu. A cire masa rigar da ta jiƙe, a tafi likita da kwalbar a hannu.

Idan damina ta sauka

Dogon hutun 'yan lakwal yana faɗowa cikin damina, lokacin da tafkuna ke cika, ramukan da aka haƙi ƙasar gini suka zama kududdufai. Ƙaramin yaro kan nutse a ruwan da bai kai gwiwar babba ba, kuma ba a jin ihunsa. A wurin taro kowa yakan ɗauka wani ne ke duba yara. A ɗora wa babba ɗaya wannan aiki da suna. Ba a bar wa 'yar shekara bakwai tsaron ƙaninta a bakin ruwa ko a bakin rijiya, balle rijiyoyin Damargu da aka sani da zurfi. Wanda ya faɗa ruwa a miƙa masa sanda ko igiya. Idan an fito da shi ba ya numfashi, hura masa iska ta baki da danna ƙirji ake yi, ba juya shi a matse ciki ba, kuma wannan aiki ne da ake koya da hannu wurin ma'aikatan lafiya ko 'yan agaji na Croix-Rouge. Wanka a tafki kuma shi ke kawo tsargiya.

Daminar 2024 ta nuna cewa ƙasar da ta saba da fari ma ruwa na iya cinye ta: mutum fiye da 300 suka rasu a Nijar, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe a farkon Satumba. Kada a sauka a cikin kwari ko da a bushe yake, kada a tsallaka korama tana gudu da yara a amalanke. Idan hadari ya taso da tsawa, ba a fakewa ƙarƙashin itacen da ya tsaya shi kaɗai a fili.

Gidan sauro yana cikin kayan tafiya ko da kwana ɗaya ne. Idan tafiya ta faɗo a makon rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5 sau ɗaya a wata, a tafi da ƙwayoyin rana ta biyu da ta uku, a ba su a kan lokaci. Duk zazzaɓin da ya kama yaro a damina a gwada jininsa kafin ya kwana ya wuni. Farasitamol yana sauke zafin jiki, cutar kuwa tana nan tana aiki.

Alamomin da ba a kwana da su

Yaron da ya kasa sha ko kama nono, wanda ke amayar da komai, wanda ya yi jijjiga, wanda barci ya danne har ba a iya tashe shi, wanda ke numfashi da sauri haƙarƙari na faɗawa, wanda zazzaɓi ya haɗu masa da sanƙarewar wuya, da kowane jaririn da bai kai wata 2 ba da jikinsa ya yi zafi, duk ba a ce musu "bari mu gani zuwa safe". Mai jijjiga a kwantar da shi a gefe ɗaya, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a turara masa hayaƙi. A buga wa ma'aikacin lafiya waya tun ana hanya don a tarar da shi. Idan ya ce a wuce asibitin Tanut ko babban asibitin Damagaram, a wuce, kada a koma gida neman shawara.

Iyaye, ku haɗa jakar nan tun yau, kada ku bari sai daren tafiya. Ku nuna wa duk wanda zai fita da yaranku, kaka ce ko yaya ko kawu, yadda ake haɗa ruwan SRO da abubuwan da ba a yi wa wanda maciji ya sara. In kun dawo ku mayar da abin da ya ƙare, ku zubar da abin da ranarsa ta wuce. Allah ya kiyaye hanya, ya raya mana zuri'a.